Tabarmar Asusu: Yadda muka yi jinyar mikin ƴar uwarmu bayan aikin ciwon daji a cinya

A fitowar da ta wuce mun yi alkawarin yin magana kan rabon kuɗi na ƙarshen zagaye. Ku yi mana haƙuri, mun ɗaga wannan zuwa gaba. Wani abu ne ya same mu a ƙungiyarmu, ya ci mana wata uku cur, kuma muna ganin bai dace mu riƙe abin da muka koya mu kaɗai ba.

Ɗaya daga cikinmu ce aka yi wa aiki a cinya. Ta yarda mu ba da labarin amma ban da suna, don haka za mu kira ta Yaya, yadda muke kiranta a tabarma. Mai tuyar ƙosai ce a bakin tasha, kuma tana cikin waɗanda suka kafa asusunmu. Shekara 2 da suka wuce ta ji wani ƙulli cikin naman cinyarta ta dama. Ba ya ciwo, ba ya hana ta aiki, sai ta share. Da ya kai girman ƙwan kaza ta nuna wa manya, aka ce mata daji ne, kuma daji ba ya son ƙarfe, kada ta yarda allura ko wuƙa ta taɓa shi. Aka yi ta shafe-shafe da jiƙe-jiƙe. Sai da ya kai girman mangwaro, har zama a kujerar tuya ya fara gagararta, sannan ta tafi likita. Daga CSI aka tura ta babban asibiti, aka yi hoto, aka ɗebi ɗan nama aka auna. Sakamako ya nuna kansa ce, irin wadda likitoci ke kira sarkoma.

Mun tambaya an yi mana bayani. Sarkoma ciwon daji ne da ke fitowa a cikin tsoka ko kitse ko jijiyoyi, kuma cinya na cikin wuraren da ya fi fitowa. Babban maganinsa shi ne a yanke shi gaba ɗaya. Likita ba ya cire ƙullin kaɗai, sai ya haɗa da lafiyayyen naman da ke kewaye da shi, don kada a bar saiwa. Shi ya sa yankan ke da girma. Na Yaya ya fi taƙi guda tsawo, daga tsakiyar cinya ya nufi gwiwa.

Me ya sa wannan miki ya bambanta da sauran

Mu mata mun saba da jinya. Mun yi jinyar haihuwa da ƙuna da kaciyar yara. Amma wannan daban ne. Inda aka cire naman an bar rami a ciki, ko da an ɗinke fata a sama, kuma jiki kan tara ruwa a wannan ramin. Fatar da aka jawo aka haɗa tana cikin ja, kowane taku yana motsa ta. Cinya kuma wuri ne na gumi, kusa da matse-matsi, inda ƙazanta ba ta da nisa. Wadda aka yi wa maganin haske kafin aiki, wato radiyoterapi, fatarta kan yi jinkirin warkewa fiye da haka ma.

Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne maganar da likitan ya faɗa wa ɗiyarta ranar sallama. Ya ce bayan aikin akwai maganin haske da za a yi mata a Yamai, a cibiyar ƙasa ta yaƙi da kansa, inda aka fara wannan magani a 2021. Amma ba a fara haske a kan mikin da bai rufe ba. Kenan duk kwanan da mikin ya ƙara a buɗe, kwana ne da aka ba ciwon ya sake shiri. Daga nan muka gane wankin mikin nan shi ma magani ne, ba ƙaramin aiki ba.

A asibiti mun ga ƴar robar da aka sa mata, siririya, ta fito ta gefen ɗinkin ta shiga wata kwalba. Ita ke tsotse ruwa da jinin da ke taruwa a ramin. Kullum ana duba yawan abin da ya taru a rubuta, da ya ragu sosai aka cire. Wata kan koma gida da ita a jiki. In haka ta faru gare ku, kwalbar ta zauna ƙasa da inda mikin yake, kada robar ta lanƙwashe, kada a ja ta, kuma ba a cire ta a gida ko da ta dame ki. Mun kuma ga wata baiwar Allah a gadon kusa wadda fatarta ba ta isa a haɗa ba, aka yanko siririyar fata daga ɗaya cinyar aka dasa mata. Ita mikinta biyu ke nan, kuma ɗaurin farko na wurin dashen ba a buɗe shi sai bayan kwanaki, likita ne da kansa ke buɗewa. A kan irin wannan ana fara shimfiɗa wani ƙyalle mai maiƙo don kada ɗaurin ya manne ya ɗago sabuwar fatar.

Abin da majo ya koya mana

An sallami Yaya bayan kwana 9, aka ce a riƙa kai ta CSI wankin miki duk bayan kwana 2. Tsakaninmu da CSI akwai tafiya, kuma mikin yana tsattsafo da ruwa, wani lokaci ɗaurin ya jiƙe tun kafin ranar ta zo. Muka je mu uku da ɗiyarta muka sami majo, muka ce ya koya mana abin da za mu yi in ya jiƙe da dare. Allah ya saka masa, bai kore mu ba. Ya sa muka tsaya muna kallo sau biyu, a na uku ya ce ɗiyar ta yi yana kallo. Ya gindaya mana sharaɗi: canjin gida na tsakani ne kawai, ba ya maye gurbin zuwa CSI, domin idon ma'aikaci na ganin abin da namu ba ya gani. Wannan sharaɗin muke miƙa muku tare da bayanin. Kada wata ta karanta wannan shafi ta ce ta zama likita.

Ga yadda ya koya mana, bi da bi.

Da farko wuri. A share ɗaki a yayyafa ruwa tun da wuri don ƙura ta kwanta, a rufe taga in ana iska, a fitar da yara da kaji. Mai jinya ta kwanta a gado ko katifa da aka shimfiɗa wa wankakken zane. Kayan aiki su zauna a kan faranti mai tsabta, ba a ƙasa ba: safar hannu ta roba, kwampares wato ƙyallen likita mai raga-raga da ke zuwa a rufe cikin takardarsa, ruwan gishiri na likita, filasta, bandeji, da leda ta zuba datti.

Na biyu hannu. A yanke farce, a cire zobe da awarwaro, a wanke hannu da sabulu har tsakanin yatsu da bayan hannu, wata na zuba ruwa daga buta. Ba a tsoma hannu cikin kwano ɗaya. A bar shi ya bushe da kansa, kada a goge da zanen da ke jiki.

Na uku cire tsohon ɗauri. A sa safa, a ɗaye filasta a hankali ana danne fata da ɗayan hannun. In kwampares ya manne, kada a fizge, a jiƙa shi da ruwan gishirin a jira ya saki. Kafin a jefa shi cikin leda a dube shi: wane launi ne ruwan, yana da yawa, yana wari? Ruwa mai haske kamar ruwan ɗorawa ko mai ɗan ja-ja ba abin tsoro ba ne a kwanakin farko. Sai a cire wannan safar a jefar, a sake wanke hannu, a sa sabuwa. Nan ne mutane suka fi yin kuskure, su taɓa datti su taɓa miki da safa ɗaya.

Na huɗu wanki. A jiƙa kwampares da ruwan gishiri, a shafa a kan ɗinkin daga sama zuwa ƙasa sau ɗaya, a jefar. A ɗauki wani a shafa gefe ɗaya, a jefar, wani kuma ɗaya gefen. Daga miki ake fita waje, ba a dawowa daga waje zuwa miki. Ba a gurzawa. Ba a sa auduga, don zarenta na maƙalewa. Sannan a tsane da busasshen kwampares. Bétadine, jan maganin nan, sai in ma'aikaci ya ce a sa, kuma inda ya nuna. Alkol ba ya shiga cikin miki.

Na biyar rufewa. A kama sabon kwampares ta gefe, kada yatsa ya taɓa fuskar da za ta hau mikin. A rufe har ya zarce ɗinkin ta kowane ɓangare, a ƙara wani a sama don ya sha ruwa, a manna filasta. In za a naɗa bandeji, daga ƙasa ake farawa a yi sama, kuma yatsa ya iya shiga ƙarƙashinsa. In yatsun ƙafa suka yi sanyi, ko suka kumbura, ko ta ce tana jin mirmiri, ya yi tsauri, a kwance a sake.

Na ƙarshe datti. A ƙulle ledar, a ƙone ta can nesa ko a binne cikin rami mai zurfi. Kada a jefa a juji inda yara da awaki ke tono. A sake wanke hannu. Sakatariyarmu ta ware wani littafi, duk wanda ya yi canji sai a rubuta rana da lokaci da abin da aka gani. Wannan littafi muke kai wa majo.

Mun tambaye shi in ruwan gishirin likita ya ƙare fa? Ya ce asalinsa gishiri giram 9 ne cikin lita 1 ta ruwa mai tsabta, amma na likita an kashe duk ƙwayar cutar da ke ciki, na gida kuwa ba tabbas. Ya fi son mu saya tun kafin ya ƙare. Kwalbar da aka buɗe kuma kada a riƙa ajiyarta kwana da kwanaki, shi ya sa muka koma sayen ƙanana.

Daren da abu ya lalace

Kwana 5 komai na tafiya daidai. Sai goggon Yaya ta zo daga ƙauye dubiya. Tsohuwa ce mai daraja, ita ta riƙe ta tun tana ƙarama. Ta ga cinya a ɗaure, ta ji an ce ruwan gishiri kawai ake sawa, abin ya ba ta haushi. Da dare, ɗiyar na barci, ta kwance ɗaurin, ta gasa wurin da tsumma da ruwan zafi kamar yadda ake wa mai jego, ta shafa man shanu, ta barbaɗa garin wani sassaƙe da ta zo da shi, ta fasa kafso biyu na ƴan talla ta zuba a kai, ta mayar da tsohon ɗaurin. Yaya tana ji tana gani, amma kunya ta hana ta cewa uffan. Wa zai ce wa goggo a'a?

Da safe ɗiyar ta gani, ta wanke iya yinta, ta yi shiru don kada a ce ta tona asirin tsohuwa. Wannan shirun shi ya fi cutar da mu. Bayan kwana 2 jikin Yaya ya yi zafi, ƙasan ɗinkin ya yi ja ya kumbura, wari ya cika ɗaki. Muka ɗora ta a amalanke da asuba sai CSI. Majo na buɗewa ya rubuta takarda ya ce a koma babban asibiti yau ɗin nan. Can aka warware zare uku, mugunya ta fito, aka wanke ramin, aka ba ta maganin kashe ƙwayoyin cuta. Aka ce wannan ɓangaren ba za a sake ɗinke shi ba yanzu, za a bar shi ya ciko daga ƙasa.

Daga nan wankin ya canza. Kullum ne, kuma a hannun ma'aikaci. Yakan wanke ramin, ya sa kwampares mai ɗan danshin ruwan gishiri a ciki ba tare da dannawa ba, ya rufe da busasshe. Ya ƙirga nawa ya sa, gobe ya ƙirga nawa ya fitar, don kada ɗaya ya kwana a ciki a manta. Ya nuna mana jan nama mai ƙwaya-ƙwaya da ke tasowa daga ƙasa, ya ce wannan shi ne lafiya, kada a ji tsoronsa. Mu da muka taso da cewa miki sai ya sha iska ya bushe ya yi ɓawo, sai ga shi an ce mana a rufe da ɗan danshi ya fi saurin cikowa. Akan ba ta maganin ciwo da aka rubuta mata kamar rabin awa kafin wanki, don ta iya daurewa. Wannan dare ɗaya ya jawo aka ɗaga tafiyar Yamai da sati 5.

Wasu daga cikinmu sun so a je a yi wa goggo faɗa. Muka ce a'a. Tsohuwar nan ƙauna ce ta sa ta, da abin da ta sani ta yi. Muka je mu biyu da goro, muka durƙusa muka gaishe ta. Ta riga mu magana, ta ce: "Ɗiyana, mu da wanga magani munka tashi, da shi munka warkad da sara da cizo. Ban yi don cuta ba." Muka ce: "Goggo, mun sani. Amma wanga yanka na likita ne, ramin nasa na ciki inda ido ba ya kai, in abu ya shiga ba ya fita. Ki bar masu shi su ƙarasa aikinsu. Mu dai akwai aikin da ba mai iya shi sai ke." Muka ba ta kula da abincin Yaya da tsaron ɗaki. Wallahi daga ranar ba wanda ya ƙara shiga da wani ƙulli. Wata maƙwabciya ta kawo zuma ta ce a shafa, goggo da kanta ta ce a sha dai a kunu, miki na likita ne. Mun ji akwai zumar da ake tacewa musamman don miki a wasu asibitoci, amma ba ita ce ta kasuwa ba.

Alamomin da ba a kwana da su

Ku sa a karanta wannan sau biyu a taro. In aka ga ɗaya daga ciki, a tafi likita a ranar, ko dare ne:

Zazzaɓi ko rawar ɗari. Ja da zafi da kumburi da ke ƙaruwa a gefen mikin. Mugunya ko wari. Ciwon da ke ƙaruwa maimakon raguwa. Ɗinki ya buɗe. Kumburi mai motsi kamar ruwa a leda a ƙarƙashin ɗinkin, kuma kada a matse shi ko a huda. Fatar bakin mikin ta yi baƙi. Jini da ya jiƙe ɗauri: a ɗora kwampares a kai a danne da hannu, kada a cire na ƙasa, a ɗaga ƙafar, a nemi mota. Sha-raɓa ta kumbura tana ciwo, ko numfashi ya yi wuya farat ɗaya, ko ƙirji ya riƙe: wannan na iya zama gudan jini ne a jijiya, kuma yana kisa. Muƙamuƙi ya ƙage ko wuya ya sandare: wannan alamar tetanus ce, cutar da ƙasa da kashin dabba ke sawa a miki.

Ci da kwanciya da ibada

Miki da abinci yake cikowa. An hana Yaya ƙwai da gyaɗa a gida wai suna kawo mugunya. Majo ya ce babu wannan magana, su ne ma ake so. Muka tsara wake, ƙwai, nono, kifi, ƙuli-ƙuli, kwaɗon zogale, da nama ranar kasuwa, da lemo ko gwaba in an samu, da ruwa mai yawa. Mai ciwon suga ta sani cewa in sugan bai daidaita ba mikin ba ya rufewa da wuri, sai a riƙa aunawa. Taba ma na hana warkewa.

In ta kwanta, a sa matashi a ɗaga ƙafar don kumburi ya sauka. Amma kwanciya wuni guda ita ma cuta ce. An ce ta riƙa motsa yatsu da idon sawu tana kwance, ta taka kaɗan da sanda gwargwadon yadda likita ya yarda. Tsugunno a masai yana jan ɗinki, sai wani kafinta ya huda mana tsohuwar kujera muka sa bokiti a ƙasa. Sange kuma ba na dare ba ne kawai, da rana ma a ciki take saboda ƙuda. Wanka da tsumma ake yi mata, ana kauce wa ɗaurin, domin jiƙaƙƙen ɗauri hanya ce ta cuta. Zaren ɗinki a irin wannan aiki yakan kai sati 2 zuwa 3 kafin a cire, kuma likita ne ke sa rana.

Maganar salla ta dame ta ƙwarai. Muka tambayi malamin unguwa, ya ce ta yi a zaune, addini ya yi sauƙi ga marar lafiya. Alwala ba ta shafi cinya ba. In wanka ya wajaba, a wanke inda ruwa ba ya cutarwa a shafi saman ɗaurin da hannu mai danshi, in hakan ma zai cutar sai taimama. Da ta ji haka hankalinta ya kwanta.

Maganar kuɗi, inda muka kusa ɓatawa

Mu 28 ne a ƙungiya. Ban da zubin asusu, kowace na sa dala 10 duk sati a akwatin taimako. Lokacin da abin ya faru akwai jika 41 a ciki. Dokar da muka rubuta da hannunmu ta ce marar lafiya jika 5 ake ba ta. Jika 5 kuwa ko sati ba za ta kai ba a wannan jinya, ga kwampares, ga safa, ga kuɗin kabu-kabu na ɗiyar, ga magani.

Ranar taron an yi zafi. Wasu suka ce a juye akwatin duka, ciwon ƴa mace na ƴa mace ne. Ma'ajiyarmu ta ƙi. Ta ce: "Ku yi mini haƙuri, ba rashin tausayi ba ne. Mata biyu cikinmu na da tsohon ciki. In ɗaya ta kwana tana naƙuda aka ce sai an kai ta gari, da mi za mu ɗauki mota? Kuma in munka karya doka yau don muna son Yaya, gobe wa za mu hana?" Aka yi mata ca, har wata ta ce ba ta da imani. Amma da muka natsu, mun ga gaskiyarta. Tun da aka fara tsarin Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi a 1991, abin da ke riƙe asusu shi ne amana da doka, kuma mun ga ƙungiyoyin da suka watse a kan abin da bai kai wannan ba.

Ga abin da muka tsayar, da ɗaga hannu. An gyara dokar ga kowa: duk wadda aka yi wa babban aiki a asibiti za a ba ta jika 10 kyauta. An ba Yaya bashin jika 20 daga babban asusu ba tare da riba ba, sai ta koma sana'a za ta fara biya. Kowace ta ƙara dala 20 duk sati har sati 8, wannan ya tara 22,400. Akwatin taimako ya rage da jika 31 don masu ciki.

Sannan ba mu miƙa kuɗin a hannu ba. Mun san gidajenmu. Kuɗi in ya shiga gidan jinya, abincin ƴan dubiya ke cinye shi. Mace biyu muka wakilta, su je famasi da takardar likita su sayo kaya, su kawo rasit a manna a littafi. Ba mu sayi komai a tiren ƴan talla ba, kuma duk kwampares da takardarsa ta yage ba ma karɓa. Muka raba kwanaki, kowace rana mace ɗaya ke raka ta wanki, wata ta ɗebo ruwa ta wanke zannuwa ta shanya a rana. Wasu biyu suka riƙe mata wurin tuya a tasha, suna cire uwar kuɗi su kai mata ribar, don kada masu saye su saba da wani wuri. Miji da ƴan uwanta su suka ɗauki kuɗin aikin da na tafiya, har da sayar da tumaki. Namu cikon ne.

Inda ake yanzu

A sati na 9 mikin ya rufe. Likita ya duba ya ba da takarda, kuma ga shi sati 2 ke nan Yaya na Yamai ita da ɗiyarta, sama da kilomita 600 daga gida, sun sauka wurin wata ƴar uwa. Ta kira mu a salula ranar taro, muka sa ta a lasifika. Ta ce an zana mata alama a cinya, an ce kada ta goge, kada ta shafa mai ko wani magani a wurin sai da izini, ta sa zane mai laushi sakwa-sakwa, kuma kada ruwan zafi ya taɓa wurin. An gaya mata ko bayan an gama za ta riƙa komawa ana dubawa shekara da shekaru, har da hoton ƙirji, domin irin wannan ciwo yakan koma wurinsa ko ya tafi huhu. Ba mu san abin da Allah zai yi ba. Ƙafar tana ɗan ja, bashin jika 20 na nan a littafi, kuma kujerarta na nan a tasha.

Ta ba mu saƙo gare ku, mun rubuta yadda ta faɗa: "Ku ce wa mata, duk wadda ta ji ƙulli cikin nama, in yana girma, ko ya kai ƙwan kaza, ko yana can ciki da zurfi, ta tafi likita ko ba ya ciwo. Da na je yana ƙarami, da yankan bai kai haka ba." Yawancin ƙulli ba kansa ba ne, kitse ne ko wani abu mai sauƙi, amma awo ne ke rarrabewa. Kada a kai wa wanzami ya tsaga.

Muna roƙon kowace ƙungiya ta duba dokar akwatin taimakonta a taro mai zuwa, tun ba a kai ga jinya ba. Nawa ake ba wadda aka yi wa aiki? Wa ke sayo kaya? Wa ke rakiya? Waɗanda suka taɓa irin wannan jinya su aiko mana da yadda suka yi ta hannun wakiliyar yankinsu, za mu sa a shafin nan. A fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu, za mu cika alkawarin rabon kuɗi. Ku sa Yaya cikin addu'a. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti, ya saka wa ma'aikatan da suka yi haƙuri da tambayoyinmu. Amin.